Hanyar Biya ta Dakar: Wa Ya Gina, Wa Ke Biya?

(Jawabin da kwamitin ƙungiya ya yi gaban taron ƴan gari, bayan dawowar ƴan ci-rani)

 

A zaman da ya wuce maganar hanya ta taso. Wasu sunka ce sun ji yanzu gwamnati ba ta bukatar kuɗɗi in za ta yi kwalta, kamfani ne ke zuwa ya yi da aljihunsa. Wani dattijo ya ce, "To shi kamfanin, sadaka yake yi?" Anka yi dariya, amma ba a ba shi amsa ba. Yau mun zo da amsa. Daga ƙasar Senegal za mu ɗauko ta, don kuɗɗinmu ɗaya da su, sefa, lissafin ba zai ruɗa kowa ba.

Birnin Dakar teku ya kewaye shi. Mashigarsa ta tudu ƴar siririya ce, kamar wuyan gora, kuma duk motar da za ta shiga ko ta fita sai ta nan. Daga tsakiyar birni zuwa wani gari da ake ce ma Jamniyajo kilomita 32 ne kawai, amma direba kan yi awa biyu cikin cunkoso kafin ya kai. Shi ya sa a zamanin Shugaba Abdulay Wad anka yanke shawarar yin babbar hanya mai faɗi, wadda duk wanda ya hau zai biya.

Gwamnati ta fara da kanta, ta yi yankin farko har unguwar Pikin. Sannan a 2009 ta ƙulla yarjejeniya da wani kamfanin Faransa, Eiffage, bisa cewa zai gina sauran, wajen kilomita 20, ya kula da hanyar, ya riƙa karɓar kuɗɗin wucewa har shekara 30, bayan nan ya mayar ma ƙasa da abinta. Ran 1 ga watan Agusta 2013 Shugaba Maki Sal ya buɗe ta.

Ku da kunka san jinginar gona, kun rigaya kun gane rabin maganar. Gona taka ce, amma mai kuɗɗi ke cin amfaninta. Bambancin shi ne, nan an yanka shekaru tun farko, in sun cika gona ta dawo.

To, amsar dattijo tana cikin lissafi. Aikin gaba ɗaya ya ci kusan miliyar 380 na sefa. Abin da kamfani ya kawo wajen miliyar 60 ne, kuma ko shi ɗin ba duka daga aljihunsa ba: ya ranto wani kashi daga bankuna, har da BOAD, bankin nan na Lome wanda ƙasarmu ma ke ciki. Sauran duk gwamnati ce ta ɗauka, wani daga baitulmali, wani bashi daga Bankin Duniya, da Bankin Raya Afirka, da hukumar Faransa mai ba da rancen ayyuka. Ke nan talakan Senegal sau biyu yake biya. Yana biya ta hanyar lanho don a sauke bashi, ko da bai taɓa ganin hanyar ba. In kuma ya hau ta, ya biya peyaji a ƙofa. Fasinja da bai miƙa ko dala ba, ya biya cikin kuɗɗin mota. Mai sayen albasa a kasuwa ya biya cikin kuɗɗin buhu. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Kada ku ce mun zo kushe aikin. Hanya ta yi amfani. Tafiyar awa biyu ta koma ƙasa da rabin awa. A 2016 anka ƙara ta har sabon filin jirgin sama na Dakar. Kuma sun yi wani abu na hankali: ba su rufe tsohuwar hanya ba, wanda ba ya da kuɗɗin biya ya bi ta can.

Amma akwai waɗanda hanya ta bi ta kan gidajensu. Mutane wajen dubu 30 aikin ya shafa, mafi yawa talakawan Pikin. An biya diyya, an kuma tanadi sabon mazauni a wani wuri da ake ce ma Tiwawan Pel. Sai dai mu manoma mun sani, ana biyan kuɗɗin ɗaki, amma maƙwabci da kasuwar da mutum ya saba ba su shiga cikin lissafi.

Da hanya ta fara aiki, sai ƙorafi ya taso. Direbobi sunka ce kuɗɗin sun yi yawa: ƙaramar mota jikka 3 daga Dakar zuwa filin jirgi. Ga duhu da dare a wurare da dama. A 2018 wani mawaƙi sananne ya rasu bayan motarsa ta yi karo da saniya a bisa hanyar, jama'a sunka tashi da magana. Ƙarshen shekarar nan anka rage kuɗɗin zuwa jikka 2. Sannan mutane sunka ji abin da ya fi ba su mamaki: hayar filin da hanyar ke kai, abin da kamfani ke ba gwamnati jikka guda ce tal a shekara. Jikka guda, jama'a! Ba sata aka yi ba. Haka anka rubuta, haka anka sa hannu.

Sai a 2021 anka sake zama. Gwamnati ta shiga kamfanin hanyar da kashi 25 cikin 100, don ita ma ta samu rabon riba. Hayar fili ta koma kashi 2 cikin 100 na abin da ake tarawa, kuma ba za ta gaza miliyan 800 a shekara ba. Amma gyaran bai zo kyauta ba: an ƙara ma kamfani shekara 5. Hanyar da za ta dawo hannun ƙasa a 2039 sai 2044.

Wannan shi ne abin da muke so kowa ya riƙe: tun ran gini, tun ran zane. Abin da ba a rubuta ba ranar sa hannu, in an zo gyara shi daga baya, saye ake yi.

Mu ba mu da miliyar, amma wagga magana ta shafe mu. Mun san peyaji bisa hanyoyinmu. Kuma ko cikin gari, ana iya samun mai hali ya zo ya ce zai haƙa mana rijiyar burtsatse, ko ya kafa injin niƙa, ko ya gina rumfunan kasuwa, ya riƙa karɓar kuɗɗi. Ba mu ce a kore shi ba, don abin da hannu ɗaya bai ɗauka ba sai da taimako. Amma kafin mai gari ko shugaban ƙungiya ya dangwala yatsa, a tambaya gaban jama'a:

Na farko, nawa zai sa, mu kuma mi za mu sa, har da filinmu?

Na biyu, shekara nawa zai yi yana karɓa, kuma cikin wane hali zai mayar da abin?

Na uku, wa ke yanka farashi, wa ke da ikon ƙara shi?

Na huɗu, in riba ta zarce abin da anka zata, mi ne rabon gari?

Na biyar, wanda anka taɓa ma gona ko gida, wa zai biya shi, yaushe? Kuma wanda ba ya iya biya, ina zai bi?

A rubuta amsoshin, a karanta su da Hausa a dandali, ƙungiya ta ajiye takarda guda. Ku kuma ƴan ci-rani, kuɗɗinku ke cikin asusu, kuna da bakin magana. In an aiko muku da labari, ku nemi ganin takarda kafin ku ce kun yarda. Yawancin dattawan da ke zaune nan ba za su ga ƙarshen alkawarin shekara 30 ba. Ɗiyanmu da jikokinmu za su cika shi.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kai matafiya lafiya, ya maido su lafiya.