Jita-jita a Zaurukan WhatsApp na Ma'aikata: Abin da Ke Faruwa a Dogo-Dogo da Kewaye



Ƙorafina guda ne. Idan aka zo maganar labaran ƙarya, hukumomi talakan ƙauye suke ɗora wa laifi, alhali saƙon yakan bi ta hannun ma'aikata kafin ya isa gare shi. Malamin makaranta, ma'aikacin likita, sakataren ofishin magajin gari, su ne masu manyan wayoyi, su ne kuma mutane ke cewa "ai malam ne ya turo".

Na ga haka da idona a zauren ma'aikatan wani gidan likita. Saƙon murya ne na minti uku, da Hausa tsantsa, babu sunan mai magana, babu gari, yana cewa allurar rigakafi tana hana haihuwa. Ƙarshensa: "Don girman Allah ka tura wa 'yan uwa Musulmi." Wata ungozoma ta tura shi da kyakkyawar niyya. Kafin la'asar ana saurarensa a rumfar mai cajin waya.

Wannan ƙarya tsohuwa ce. Ita ta sa jihar Kano ta dakatar da rigakafin shan-inna a 2003, ba a koma ba sai a Yulin 2004, cutar kuwa ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. A Agustan 2014 wani saƙo ya zagaye Najeriya cewa wanka da ruwan gishiri da shansa na kare mutum daga Ebola, har aka rasa rayuka. Dogo-Dogo na bakin iyakar Najeriya. Abin da aka naɗa a Jigawa da safe, da shi za a kwana a nan.

Ku dubi abin da ya same mu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum 559 da suka kamu da sanƙarau a jihar Damagaram daga 1 ga Nuwamban 2022 zuwa 27 ga Janairun 2023, 18 suka rasu. Daga cikin waɗanda suka kamu, 342 a gundumar lafiya ta Dungas suke. Wurin da ke da irin wannan adadi, uwa ɗaya ta ɓoye ɗanta ranar allura babbar asara ce.

Me gwamnatinmu ta yi? Ta kafa dokar laifukan intanet a 2019, ta maido da hukuncin ɗauri a Yunin 2024. Sai kuma sanarwa da Faransanci, wadda kan iso bayan kwanaki. Wa zai karanta ta a Dogo-Dogo? WhatsApp ma ya taƙaita turawa zuwa wurare biyar a 2019, bai hana komai ba.

Ina roƙon manyan likitocin Dungas da Magarya: duk ranar da jita-jita ta ɓulla, a ranar ku naɗi amsa da muryarku, da Hausa, ku faɗi sunanku, ku saka a zaurukan ma'aikata. Ku kuma shugabannin ma'aikatu, ku hana tura saƙon da ba a san mai shi ba.