AMAI GA YARA A LOKACIN FESHI
Jawabi ga manoman auduga da iyalansu

Yau ba zancen taki ko na farashi ya tara mu ba. Zancen yaranmu ne, sa'ad da zuciyarsu ta tashi suka kama amai. Maza ku saurara, kada ku ce wannan sha'anin mata ne, gama ku ne ku ke shigo da maganin ƙwari cikin gida.

Daga watan Yuli zuwa Oktoba, lokacin da ku ke feshi bayan kowane mako biyu, shi ne kuma lokacin sauro da gurɓataccen ruwa. Saboda haka yaro ya kan yi amai don gudawa, ko don zazzaɓin cizon sauro, ko kuwa don dafin da a ke fesa wa auduga. Abin da za a yi wa ɗaya ba shi za a yi wa ɗaya ba.

Amai na yau da kullum, wanda ya kan zo da gudawa, ya kan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu. Haɗarinsa shi ne ƙarewar ruwan jiki. Ku dubi yaron. In idonsa ya faɗa, bakinsa ya bushe, fitsari ya ɗauke, maɗigar jariri ta lotsa, to, ruwa yana ƙarewa. Ku tsunguli fatar cikinsa ku saki. In ta daɗe ba ta koma ba, abin ya yi nisa, sai asibiti.

Maganin tun da wuri shi ne ruwan gishiri da sukari. A Kamaru da Cadi da Nijar za ku ga an rubuta SRO a jikin ledar, a Nijeriya kuwa ORS, abu ɗaya ne. A zuba leda ɗaya cikin ruwa mai tsabta, daidai awon da aka rubuta a jikinta. In babu, a sami lita 1 ta ruwan da aka tafasa ya huce, a sa sukari cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin cokali. Kada a ƙara gishiri, yawansa yana cutarwa. A riƙa ba yaro cokali ɗaya bayan kowane minti ɗaya ko biyu. In ya amayar, a dakata minti 10, a sake farawa a hankali. Waɗansu mata su kan ce, "Ai kome na ba shi dawowa ya ke yi," su daina. Kada a daina. Ba duka ne ke dawowa ba, abin da ya tsaya a ciki shi ke riƙe yaron. Wanda ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. Mai shan nono a ci gaba da ba shi. In da gudawa, malamin asibiti zai ƙara ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14.

Kada ku sayi maganin tsai da amai wurin masu talla a kasuwa. Waɗansunsu suna sa yaro barci har ya kasa sha, waɗansu suna murɗe masa wuya. Kada kuma a zauna ana cewa haƙori ne. Haƙori ya sha ɗaukar laifin da ba nasa ba.

In amai ya zo da zafin jiki, a kai a gwada jini ran nan. In yaron ya amayar da maganin zazzaɓi kafin rabin sa'a, a gaya wa malamin asibiti, don a sake ba shi.

To, yanzu ga wanda ya shafe mu manoman auduga musamman. Yaro yana wasa lafiya lau, ba zazzaɓi, nan da nan sai amai ya kama shi. Yawu yana dalala, gumi ya jiƙa shi, hawaye da majina suna zuba, ƙirji yana kurkur, naman jiki yana rawa. Ku buɗe idonsa. In ɗigon nan baƙi na tsakiya ya ƙanƙance kamar kan allura, ku ɗauka dafin feshi ne. Irin su furofenofos haka su ke yi. Waɗansu magungunan kuwa da jijjiga su ke farawa, kamar endosulfan, wanda ƙasashen duniya suka amince a hana a 2011. Wanda duk ya ke da tsohuwar kwalbarsa a ɗaki, ya kai wa malamin gona.

Ba sai yaro ya sha ba. Dafin yana shiga ta fata. Uba ya dawo daga gona ya ɗauki ɗansa da rigar feshi a jikinsa. Uwa ta shiga gonar da aka fesa da safe, da goyo a baya, ta tsinko kuɓewa ko yakuwa daga gefen kunya. Yaro ya tauna iri mai launi da aka bayar don shuka. Mafi muni, a raba magani cikin kwalbar lemo, ko a wanke galan a zuba ruwan sha ko nono a ciki. Wannan ganganci ne, wanki ba ya fid da dafin. Galan in ya ƙare a ɗauraye shi sau uku a gona, a huda shi.

In abin ya auku, a tuɓe wa yaro tufafi, a wanke shi da sabulu da ruwa mai yawa, mai wankin ya sa leda a hannu. In ya shiga ido a yi ta zuba ruwa minti 15. Kada a sa masa yatsa a maƙogwaro, kada a ɗura masa madara ko manja ko ruwan gishiri don ya ƙara amai. Maganin yana haɗe da wani abu mai kama da kananzir, in ya sarƙe shi ya faɗa huhu, cuta ta zama biyu. A kwantar da shi ta gefe, a nemi babur nan take, ko da dare ne. A tafi da kwalbar ko takardar jikinta, a ɗaure cikin leda. Da ita likita zai san ko allurar atirofin ce ta dace. Kada kunya ta sa a ɓoye masa abin da ya faru.

Ko ba zancen dafi, kada a kwana da yaro a gida in yana amayar da kome, ko ya kasa kama nono, ko ya yi jijjiga, ko ba a iya ta da shi daga barci. Haka kuma in aman ya fito kore shar, ko da jini, ko yaron ya faɗi ya bugi kai kafin nan. Da rani kuwa, amai da ciwon kai da sandarewar wuya alamar sanƙarau ce.

Bayan an tashi, kowa ya duba inda ya ajiye maganinsa. Wurinsa akwati mai kwaɗo, nesa da rumbu da ɗakin kwana, mabuɗin kuma a aljihun maigida.