Jawabin Taron Ƴan Bida: Maganin Ƙwari Da Sankarar Nono



Maganarmu ta yau bisa sankarar nono ce. Cikin nonon ɗiya mace akwai waɗansu ƙwayoyi na asali, kamar irin hatsi a rumbu. Su ke tsirar da hanyoyin nono lokacin balaga da goyon ciki. In guba ta taɓa irin nan tun da ƙuruciya, ɓarnar kan kwanta shekaru da dama kafin ta fito.

A Kalifoniya ta Amurka an adana jinin mata masu ciki daga 1959 zuwa 1967. A 2015 aka gano ɗiyan da uwayensu ke da DDT da yawa a jini sun fi kamuwa, kusan ninki huɗu.

Mu nan Bambeye, maganin ƙwarin da muke sayowa kasuwa ba takarda, wa ya san abin da ke ciki? Kuma bidonsa muke ɗaurayewa mu zuba ruwan sha! Mu bar wannan. Mai ciki da ƴan mata su nisanci garka ranar feshi. Wadda ta ji ƙullutu a nono, mijinta ya kai ta likitar Tawa tun bai fashe ba. Yamai ma akwai injin ƙona sankara tun 2021.