Amsoshin Takardunku: Itacen Girki Ya Yi Tsada, Ko In Sare Gawon Gonata?

Takardarmu ta yau ta fito ne daga wani manomi a ƙasar Daura. Ya ce itacen girki ya gagare shi saye, matansa biyu kullum suna kuka, ga kuma wani ƙaton gawo a tsakiyar gonarsa, mai gatari har ya yi masa ciniki. Shin ya sare ne?

To Malam, mun gode da takardarka. Amsarmu a taƙaice: kada ka sare. Gawo ba kamar sauran itatuwa ba ne. Da damina yake zubar da ganye, saboda haka ba ya tare wa gero rana, ganyen kuma ya zama taki. Da rani ya yi kore shar, 'ya'yansa su ciyar da awaki. Je ka dubi zangarniyar da ke ƙarƙashinsa ka gwada da ta bakin gona. Ba banza ba sarakunan Damagaram na da suka sa hukunci mai tsanani a kan mai sare shi. Itacensa wata nawa zai yi muku? In ya ƙare fa?

Mu dai a ganinmu, gyaran daga madafa zai fara. Murhun nan na duwatsu uku ɓarna ce tsagwaronta, don yawancin zafin iska ke kwashewa, kaɗan ke taɓa gindin tukunya. A kwaɓa laka da kashin jaki da ƙaiƙayi, kamar za a gina rumbu, a bar ta kwana biyu ta tsima. Sai a kewaye duwatsun da ita daidai girman tukunyar gidan, a bar ƙofa ɗaya ta tura itace, da ɗan tsakani kamar kaurin yatsa a jikin tukunya inda hayaƙi zai bi. Ya bushe sarai kafin a hura wuta, in ya tsage a liƙe. Ba kwabo za ka kashe ba.

Uwargida da amarya kuma, ga naku. A jiƙa wake tun da dare. A rufe tukunya da murfi. A faskara itace ƙanana, a bari ya bushe, ɗanye hayaƙi kawai yake yi. An sauke tuwo, a zare bakin wuta a kashe, gobe ya yi amfani. Sannan don Allah a daina kunna wuta da leda, guba ce kuke shaƙa ku da goyon da ke bayanku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutane kimanin miliyan 3.2.

Saura inda itacen zai fito. Maƙwabtanku na Maradi sun samo dabara tun wajen 1983, tare da wani malamin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo. Lokacin sassabe, maimakon a tsige tohon da ke fitowa daga kututturen sabara, kalgo ko magarya, sai a zaɓi masu ƙarfi biyu zuwa biyar a bari, a datse sauran. Saiwar tana nan da rai a ƙasa, shi ya sa suke saurin girma fiye da dashe. Kowace shekara a rage rassa a kai gida. Da haka aka farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 a Nijar. Wahalarsa ɗaya ce, wani ya bi dare ya sare maka, don haka ku haɗa kai da mai gari da makiyaya tun da wuri.

Shi kuwa mai gatari, ka ba shi haƙuri. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu amsa takardar masu tambaya a kan akuyar da ta ci leda. A huta lafiya.