Ragowar Fatar Ciki Bayan Rage Ƙiba: Wa Ya Cancanci Tiyata?



Gabatarwa

Harshen Hausa yana da wadatar kalmomi game da girman jiki. Akwai ƙiba, akwai teɓa, akwai tumbi, akwai kuma rama wadda ita ce kishiyarsu. A al'adance Bahaushe yakan ɗauki tumbi alamar hutu da wadata, ya ɗauki rama alamar ciwo ko rashi, shi ya sa duk wanda ya faɗa, tambayar farko da zai sha ita ce, "Lafiya kuwa?" To, amma zamani ya kawo wani hali na uku, wato halin mutumin da ya yi ƙiba mai yawa, ya yi fama ya rage ta da gangan, sa'an nan ya wayi gari da fatar ciki tana reto a gabansa kamar walkin maƙeri. A kan wannan mutum zan yi magana yau. Abin da nake son mu tashi da shi guda ɗaya ne: tiyatar gyaran ciki matakin ƙarshe ce a tafiyar rage nauyi, kuma haɗarinta yana ƙaruwa ga wanda ya mai da ita matakin farko.

Yadda matsalar ta yawaita

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da ƙibar da ta kai matsayin cuta. Ma'aunin da ake amfani da shi mai sauƙi ne: a ɗauki nauyin mutum da kilo, a raba shi da tsawonsa da mita bayan an ninka tsawon da kansa. Idan sakamakon ya kai 25, nauyi ya yi yawa. Idan ya kai 30, ƙiba ta zama cuta. Alal misali, mai tsawon mita 1.70 da nauyin kilo 120, ma'auninsa ya haura 41. Idan ya sauko zuwa kilo 85, ma'aunin ya dawo wajen 29.

A da, samun wanda zai zubar da kilo 35 haka abu ne mai wuya. Abubuwa biyu suka canza wannan. Na farko shi ne tiyatar rage tumbi, inda ake yanke babban ɓangare na tumbin ko a karkatar da hanyar abinci, ta yadda mutum ba zai iya cin mai yawa ba. Na biyu shi ne allurai irin su Wegovy, wadda hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da ita domin rage nauyi a shekarar 2021. Ke nan masu babbar rama sun ƙaru, masu ragowar fata su ma sun ƙaru.

Dalilin da ya sa fata ba ta komawa

A ƙarƙashin saman fata akwai wani sashe mai kauri da aka saƙa da zare iri biyu. Ɗaya ana kiransa kolajin, shi ke ba fata ƙarfi. Ɗayan kuma ilastin, shi ke sa ta miƙe ta kuma dawo. Idan aka ɗame fata shekara da shekaru, waɗannan zaruruwa sukan tsinke, kuma nankarwar da mata suka sani bayan haihuwa shaida ce ta wannan tsinkewa. Yawan nauyin da aka rage, da tsawon lokacin da aka yi cikin ƙiba, da shekaru, da gado, da shan taba, su ne ke nuna iyakar yadda fata za ta koma. Matashin da ya rage kilo 10 mai yiwuwa ne fatarsa ta bi jikinsa. Dattijon da ya rage kilo 50 bayan shekara ashirin yana ɗauke da su, da wuya tasa ta koma.

A nan ya kamata in ja hankalin ɗalibai. Motsa jiki yana ƙarfafa tsoka, yana ƙone kitse, amma ba ya ɗinke zaren da ya tsinke. Haka nan man shafawa da shayin rage tumbi da ɗamarar da ake talla a intanet, babu wanda zai cire fatar da ta riga ta saki. Saboda haka zargin mai wannan fata da kasala zalunci ne, domin ƙoƙarin da ya yi ne ma ya bayyana ta.

Kuma abin ya wuce maganar kyan gani. A ƙasa mai zafi irin tamu, gumi yakan taru a ƙarƙashin ninkin fatar, wurin ya yi ja, ya yi ƙaiƙayi, ya saɓule, ya yi wari. Wani fatar takan sauko masa har cinya ta hana shi tafiya sosai, ta wahalar da shi wajen tsarki da ruku'u da sujada.

Aiki iri uku da ake rikitawa

Wannan tiyata ta daɗe. A shekarar 1899 Howard Kelly, likita a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimo a Amurka, ya ba da rahoton yanke irin wannan walki daga cikin wata mata, wanda nauyinsa ya haura kilo 7. A shekarar 1967 Ivo Pitanguy na ƙasar Barazil ya wallafa sakamakon irin wannan aiki har guda 300, ya kuma taimaka wajen yaɗa salon yanka can ƙasa inda tufafi za su rufe tabon.

Yau akwai ayyuka uku da jama'a ke haɗawa wuri ɗaya. Na farko, yanke walki kawai: a cire fatar da ke reto a ƙasan cibiya domin a raba mutum da gyambo da nauyi. Na biyu, cikakken gyaran ciki: a yanka daga ƙugu zuwa ƙugu, a ɗaga fata har zuwa ƙasan haƙarƙari, a ɗinke tsokoki biyu na gaban ciki idan sun rabu, kamar yadda yakan faru bayan haihuwa da yawa, a jawo fata ƙasa a yanke rarar, sa'an nan a huda wa cibiya sabuwar ƙofa. Aikin yakan ɗauki awa biyu zuwa biyar, mutum yana cikin barcin allura. Na uku, zuƙe kitse da bututu, wanda ba ya cire fata ko kaɗan, har ma yakan ƙara mata saki idan da ma ba ta da ƙarfi.

Daɗin daɗawa, babu ɗaya daga cikin ukun nan da ke taɓa kitsen da ke can ciki, kewaye da hanji da hanta. Shi ne kitsen da ke sa tumbin magidanta ya yi tauri kamar ganga, shi ne kuma ya fi alaƙa da ciwon sukari da ciwon zuciya. Mai irin wannan tumbi, maganinsa yana ga abin da yake ci da yadda yake motsa jiki.

Sharuɗɗan cancanta

Tela mai hankali ba ya rage riga alhali mai ita bai gama ramewa ba. Wannan shi ne tushen sharaɗi na farko: nauyi ya tsaya wuri ɗaya aƙalla wata shida, wasu likitoci ma sukan ce shekara guda. Wanda aka yi wa tiyatar rage tumbi yakan jira wata 12 zuwa 18, domin a cikin wannan lokaci jikinsa bai daina raguwa ba. Idan aka yi gaggawa, sabuwar fata za ta sake saki.

Na biyu, ma'aunin da na ambata ya sauko. Likitoci da yawa sun fi son ya kasance ƙasa da 30, saboda yadda ruɓewar rauni da buɗewar ɗinki ke ƙaruwa tare da nauyi.

Na uku, barin taba aƙalla mako huɗu zuwa shida kafin aiki, da kuma bayansa. Taba tana tsuke ƙananan hanyoyin jini, ga shi kuwa an riga an yanke da yawa daga cikinsu wajen ɗaga fata. Idan jini ya kasa isa bakin ɗinki, naman wurin sai ya mutu.

Na huɗu, a shawo kan ciwon sukari da hawan jini, a kuma auna jini. Wanda aka rage wa tumbi sau da yawa yana da ƙarancin jini da ƙarancin sinadaran gina jiki, rauni kuwa ba ya warkewa da yunwa. Mai sikila, wadda ta yawaita a ƙasarmu, wajibi ne ya sanar da likitan barci tun kafin a sa rana.

Na biyar, ga mata, a gama haihuwa tukuna. Tiyatar ba ta hana ɗaukar ciki, amma sabon ciki yana iya warware ɗinkin tsoka ya sake miƙe fata. A al'ummar da ake son 'ya'ya da yawa, wannan magana ce da ya kamata mata da miji su gama a tsakaninsu kafin su je asibiti.

Na shida, mutum ya san abin da zai samu. Zai ba da fata ya karɓi tabo mai tsawo wanda zai zauna har abada. Mu baƙar fata mun fi saurin samun tabon da ke kumbura ya yi tudu, wanda likitoci ke kira kiloid, don haka wanda ya taɓa ganin irinsa a kunne ko ƙirji sai ya faɗa tun da wuri.

Haɗari da jinya

Matsalar da aka fi gani ita ce taruwar ruwa a ƙarƙashin fata, shi ya sa ake barin 'yan bututai su tsiyaye shi na 'yan kwanaki. Wadda ta fi kisa ita ce gudan jini da ke daskarewa a jijiyar ƙafa ya tafi huhu, kuma gyaran ciki yana cikin ayyukan gyaran jiki da suka fi jawo ta. Doguwar tafiya a jirgin sama jim kaɗan bayan aiki tana ƙara wannan haɗari, abin lura ga masu zuwa waje neman araha. Ma'aikaci kuma ya shirya hutun mako huɗu zuwa shida, da ɗaura ɗamarar asibiti, da barin ɗaukar kaya masu nauyi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

'Yan Nijeriya ba za su manta da rasuwar Stella Obasanjo ba, uwargidan shugaban ƙasa na lokacin, a ƙasar Sifen ranar 23 ga Oktoba, 2005, bayan aikin zuƙe kitse. A 2009 wata kotu a can ta sami likitan da laifin sakaci. Darasin shi ne, kuɗi da fita waje ba su wadatar ba. A tambayi rajistar likita a hukumar da ke yi wa likitoci rajista, a tabbatar ƙwararre ne a fannin gyaran jiki, a kuma tabbatar asibitin yana da likitan barci da ma'ajiyar jini da ɗakin kulawa ta musamman.

Lalura ko ado

Tambayar da ke zukatan da yawa daga cikinku ita ce: wannan magani ne ko canza halitta? Majalisar Fiƙihu ta Duniya, a zamanta na Putrajaya a ƙasar Maleshiya a shekarar 2007, ta halatta tiyatar da ke kawar da cuta ko gyara aibi ko dawo da aikin gaɓa, ta kuma hana wadda ake yi domin ƙarin ado zalla. Abin sha'awa, kamfanonin inshorar lafiya a Amurka su ma kusan nan suka ja layinsu, ko da yake don dalilin kuɗi: yawanci sukan biya yanke walki idan fatar ta sauko ta rufe mara kuma ƙurajenta sun ƙi jin magani wata da watanni, amma ba sa biyan gyaran da aka yi don kyan gani. Ke nan tambayar da mutum zai yi wa kansa ita ce, me wannan fata ta hana ni yi?

Kammalawa

Shugaban taro, jama'a, jerin matakan a bayyane yake. A rage nauyi, a bar shi ya tsaya, a gyara jini da sukari, a bar taba, a gama haihuwa, a zaɓi likita da idon basira, sa'an nan a yi maganar wuƙa. Wanda ya cika waɗannan, kuma fatar tana cutar da shi, bai kamata kunya ko surutun mutane su hana shi neman sauƙi ba. Wanda bai cika su ba, jira ya fi masa alheri. Ga ɗalibai kuwa, waɗanda yawancinku zarurukan fatarku ba su riga sun tsinke ba, kujerar ofis da motar hawa suna jiranku, sai ku lura da abin da za su yi wa jikinku tun daga albashin farko.