Jikinmu Amana Ne: Mu Rage Nauyi Sannu a Hankali

(Jawabin da aka gabatar wa dattawa, masu bishara da shugabannin zumunta a taron tarayya)

 

An ba mu mu yi magana a kan lafiyar jiki, musamman batun ƙiba da yadda ake rage ta. Wataƙila wani zai ce, me ya haɗa taron ikkilisiya da zancen teɓa? Amsar tana cikin yanayinmu. Yawancin ikkilisiyoyinmu ƙanana ne. A majami'ar da mutum talatin ko arba'in suke sujada, sau da yawa dattijo ɗaya ne yake bi da sujada idan mai bishara ba ya nan, shi ne yake riƙe da littafin baiko, shi ne kuma yake zuwa gaban mai gari idan maganar fili ko maƙabarta ta taso. Ranar da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, iyalinsa sun shiga wahala, ikkilisiya ma ta rasa baki. Babbar majami'a ta birni tana da waɗanda za su maye gurbi nan da nan. Mu kuwa mukan yi shekaru ba mu sami wani ba. Saboda haka lafiyar kowane ɗayanmu ta shafi aikin Ubangiji kai tsaye.

Mun sani a cikinmu akwai gidajen da damuwarsu ita ce samun abin sawa a baki, ba rage ci ba. Ba mu manta da su ba, kuma hakkinmu ne mu taimake su. Amma a gefe guda, hawan jini da ciwon sukari suna cin mutanenmu, a gari da ƙauye, kuma nauyin da ya wuce kima yana cikin manyan abubuwan da suke jawo su.

Abin da Maganar Allah ta koya mana

A wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa, sura 6, Manzo Bulus ya nuna cewa jikin mai bi na Allah ne, Ruhu Mai Tsarki kuma yana zaune a ciki. Abin da aka ba ka riƙo kuwa, za ka ba da lissafinsa. A Galatiyawa sura 5 an lissafa kamun kai cikin 'ya'yan Ruhu, kamun kai kuwa ya haɗa da abin da muke yi a gaban akushi. Mu tuna kuma da annabi Iliya a 1 Sarakuna sura 19. Da ya gaji har ya fid da zuciya, abin da Allah ya fara yi masa shi ne ya bar shi ya yi barci, ya aiko masa da abinci da ruwa, daga baya ya yi magana da shi. Allah bai raina bukatar jiki ba, bai kamata mu raina ta ba.

Yadda rayuwarmu ta sāke

Iyayenmu sun yi noma da fartanya, sun yi tafiyar ƙasa zuwa kasuwa, iyayenmu mata sun yi daka da surfe da ɗiban ruwa. Tuwon da suka ci, jikinsu ya ƙone shi. Yau babur ne yake kai mu ko'ina, inji ne yake niƙa, da yawanmu muna wuni a zaune a shago ko ofis, amma malmalar tuwo tana nan yadda take. Mun ƙara mata burodi da shayi mai sukari da safe, taliya da rana, lemon kwalba a kowane biki. Abin da jiki bai yi aiki da shi ba yakan ajiye shi ya zama kitse, kaɗan kaɗan, shekara bayan shekara.

Ga kuma al'ada. Idan mutum ya yi teɓa sai mu ce hutu ya zauna masa, idan ya rame sai a fara raɗe-raɗin ko wata cuta ce ta kama shi. Wannan tsoron bakin mutane ya hana da yawa ragewa. Ya kamata ikkilisiya ta zama wuri na farko da za a daina irin wannan magana, a kuma daina yi wa masu ƙiba ba'a. Gado da shekaru da haihuwa da wasu magunguna duk suna da hannu a ƙiba, ba kullum haɗama ce ba.

Yadda mutum zai san matsayinsa

Akwai gwajin da ba ya bukatar kuɗi. A sami igiya a auna tsawon mutum daga kai zuwa ƙafa, a ninka ta biyu, a zagaya ta a ciki wajen cibiya. Idan ba ta haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa, domin masana lafiya suna ba da shawara kada faɗin ƙugu ya kai rabin tsawon mutum. Kitsen ciki shi ne ya fi haɗari ga zuciya. Sai kuma awon jini. Idan ana samun 140 bisa 90 ko fiye a ranaku dabam-dabam, hawan jini ne, kuma yawanci ba ya nuna alama sai ya yi ɓarna.

Dalilin da muka ce sannu a hankali

Nauyin da aka tara cikin shekara goma ba zai tafi cikin mako biyu ba. Likitoci suna cewa rabin kilo zuwa kilo 1 a mako ya isa. Abin ƙarfafawa shi ne, ba sai mutum ya koma kamar lokacin samartakarsa ba kafin ya ga amfani. A shekarar 2002 aka fitar da sakamakon wani babban bincike a Amurka, wanda aka yi a kan mutum fiye da 3,000 da suke dab da kamuwa da ciwon sukari. An sa wa wasu daga cikinsu burin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, da motsa jiki na minti 150 a mako. Haɗarin kamuwarsu da ciwon ya ragu da kashi 58 cikin 100, fiye da na waɗanda aka ba ƙwayar magani kaɗai. Ga mai kilo 90, kashi 7 cikin 100 kilo 6 ne da ɗoriya. A rabin kilo kowane mako, aikin wata uku ne. Sannu ba ta hana zuwa.

Masu gaggawa sukan faɗa hannun masu sayar da shayin rage ƙiba da jiƙe-jiƙe a kasuwa da cikin mota. Da yawa daga cikin waɗannan zawo da yawan fitsari kawai suke sawa, ruwan jiki ne yake fita, kitsen yana nan, wasu ma suna iya taɓa ƙoda da hanta. Akwai sababbin allurai na asibiti da suke rage nauyi da gaske, amma suna da tsada, sai da kulawar likita ake yin su, kuma nauyin yakan dawo idan an daina. Ga yawancinmu hanyar tana cikin tukunya da ƙafafunmu.

Abubuwa biyar da za mu iya farawa

Na ɗaya, sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa kada ya wuce kusan ƙaramin cokali 12 a yini ga babba, idan ya tsaya a 6 ma ya fi. Lemon kwalba ɗaya yana ɗauke da kusan cokali 8 ko 9. Kunun zaƙi da zoɓo ma mukan cika musu sukari. Mai sa cokali huɗu a shayi ya koma uku wannan wata, biyu wata mai zuwa. Harshe yakan saba.

Na biyu, tuwo da miya. Ba a ce a bar tuwo ba. A rage malmala, a ƙara miyar ganye: zogale, rama, yakuwa, alayyahu, kuɓewa, kabewa. Wake, acha, dawa da gero da ba a surfe su ƙwarai ba sun fi riƙe ciki. Kwaɗon zogale da faten wake da muke ɗauka abincin talaka ne, su ne jiki yake so. Man ja da man gyaɗa a auna da cokali, a bar tuttulawa daga kwalba, a kuma rage soye-soye.

Na uku, gishiri. Hukumar ta ce kada ya kai giram 5 a yini, wato kamar ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda yake cikin abincin da aka saya. Ɗunƙulen magi cike yake da gishiri. Iyayenmu mata, daddawa da albasa da citta da tafarnuwa suna nan.

Na huɗu, tafiya. Minti 30 na tafiya da sauri, kwana biyar a mako, shi ne minti 150 ɗin nan. Wanda gidansa yake kusa da majami'a ya ajiye babur ya tako. Masu zuwa ziyara da wa'azin gida-gida sun riga sun sami hanya. Mai ciwon gwiwa ya fara da minti 10.

Na biyar, giya da burkutu. Ban da abin da ikkilisiya take koyarwa a kansu, suna ƙara ƙiba, suna ta da hawan jini, suna lalata hanta.

Gargaɗi biyu

Na farko ya shafi azumi. Azumi neman fuskar Allah ne, kada mu mai da shi dabarar rage teɓa. Wanda ya wuni bai ci ba, da yamma ya haɗa abincin yini biyu, bai amfana ba ta kowane gefe. Mai ciwon sukari da yake shan magani ko allurar insulin, da mai juna biyu, da mai shayarwa, su nemi shawarar likita kafin su shiga azumin ikkilisiya, kada kuma shugabanni su sa su jin kunya.

Na biyu ya shafi magani. Muna jin ana gaya wa mutane su zubar da ƙwayoyinsu domin su nuna bangaskiya. 'Yan'uwa, wannan koyarwa ta kai mutane kabari. Mun gaskata Allah yana warkarwa, muna kuma yi wa marasa lafiya addu'a. Amma Luka da ya rubuta Bishara likita ne, waɗanda suka kawo mana bishara kuma sun gina asibitoci kusa da majami'u, kamar na Vom a Filato da na Galmi a Nijar. Ko nauyi ya ragu, awon jini ya yi kyau, likita ne zai ce a rage magani ko a daina.

Aikin da ya rage wa ikkilisiya

Mutum shi kaɗai yakan gaji, shi ya sa muke roƙon dattawa su ɗauki wannan a matsayin aikin jama'a. Kowace ikkilisiya, ko biyu su haɗa kai, ta sayi sikeli da na'urar awon jini. A nemi ma'aikacin lafiya, ko daga cikinmu ko maƙwabcinmu Musulmi, ya zo Lahadi ɗaya a wata bayan sujada. A rubuta wa kowa awonsa a takardarsa ya tafi da ita, kada a karanta a fili. A bikin aure da godiyar kaka da Kirsimeti, a ajiye ruwa da lemon zaƙi da gwanda kusa da shinkafa. Idan fasto ko baƙo ya ziyarci gida na uku a yini ya ce ruwa ya ishe shi, kada uwargida ta ɗauka raini ne. Mata da miji su yi abin tare, gama tukunya ɗaya suke ci.

Za a yi makon da sikeli ba zai motsa ba, za a yi bikin da mutum zai wuce gona da iri. Washegari a ci gaba daga inda aka tsaya. Ranakunmu a hannun Allah suke, ba wanda zai ƙara wa kansa ko ɗaya, amma riƙon amanar da ke hannunmu aikinmu ne. Muna roƙon kowane wakili ya kai wannan magana gida, a sa ta cikin taron dattawa na gaba, a kuma tsai da Lahadin da za a fara awo.

Bari Ubangiji ya ba mu kamun kai da haƙuri, ya taɓa marasa lafiya da ke cikinmu, ya kuma mai da kowa gidansa lafiya, cikin sunan Yesu. Amin.