MAI AIKI DA MAIGIDA: IN RIGIMA TA TASHI, INA AKE KAI KUKA?

Ya ku ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati na Ɗan Kassari, da baƙinmu na Dogondutsi da Tibiri, ina gode muku da kuka bar harkokinku kuka zo.

Maganar da za mu yi yau ta shafi kowa a nan. Ɗan kasuwa yana da yaron shago, da direba, da mai gadi. Ma'aikacin gwamnati yana karɓar albashi, shi ma kuma yana biyan mai aikin gidansa. Ke nan kowanenmu ko dai mai aiki ne, ko maigida, ko kuwa duka biyun.

Iyayenmu na ƙasar Arewa sun san aikin tilas na zamanin Turawa. Sai a shekarar 1946 aka soke shi, kuma a 1952 Faransa ta kafa dokar ƙwadago a ƙasashen da take mulki, bayan ƙungiyoyin ma'aikata sun matsa mata lamba. Dokar da Nijar ke aiki da ita yanzu ita ce mai lamba 2012-45 ta ran 25 ga Satumba 2012, wadda ta maye gurbin ta 1996. Gado ne da aka sha wuya kafin a same shi, bai kamata jahilci ya raba mu da shi ba.

Abu na farko, yarjejeniyar baki ma yarjejeniya ce. Mutane da yawa na zaton in babu takarda babu haƙƙi. Ba haka ba ne. In mutum yana yi maka aiki ƙarƙashin umurninka kana biyansa, doka ta ɗauke shi ma'aikacinka, kuma yana iya tabbatar da haka ta hanyar shaidu ko littafin biya. Yana da hutun kwana 30 a shekara da albashinsa, mace mai ciki tana da mako 14 na haihuwa, kuma wajibi ne a rubuta shi a asusun CNSS. Mafi ƙanƙantar albashi ya tashi daga sefa 30.047 zuwa 42.000 tun Janairun 2024.

To, in rigima ta tashi fa? Al'adarmu ita ce a je wajen mai gari ko dattawan kasuwa, kuma sulhu alheri ne. Amma in abin ya gagara, ƙofar farko ita ce ofishin sufeton ƙwadago na jihar Doso. Ba jandarma ba, domin bashin albashi ba aikinsu ba ne. Sufeto zai kira ɓangarorin biyu ya saurare su, ya lissafa abin da doka ta ba kowa. In sun daidaita, ya rubuta takardar sulhu, wadda kotu ke iya sa a zartar kamar hukunci. In ba su daidaita ba, sai magana ta wuce kotun ƙwadago.

A wannan kotu alƙali ba ya zama shi kaɗai. Doka ta tanadi mataimaka daga ɓangaren ma'aikata da na masu ɗaukar ma'aikata, mutanen da suka san yadda aiki yake. Shigar da ƙara kyauta ne. Kuma ba dole sai da lauya ba: wakilin sandika, ko abokin sana'a, yana iya tsaya wa mutum. Wanda ke bukatar shawara, akwai hukumar ANAJJ da aka kafa da dokar ran 14 ga Disamba 2011, tana da ofishi a babbar kotun Doso. Tana ba da shawara kyauta, tana kuma iya samar wa mai ƙaramin ƙarfi lauya.

Yanzu ku ba ni hankalinku, domin a nan ne talakawa suka fi yin asara. Bashin albashi yana da wa'adi: shekara biyu. Mu ɗauki yaron shago mai aiki cikakken lokaci da ake biya jika 20 a wata maimakon 42. Kowane wata ana rage masa jika 22, cikin wata 24 ya zama jika 528, kuɗin da zai iya kafa masa tasa tireda. In ya yi shiru don kunya, yana cewa maigida uba ne, kowane wata da ya wuce shekara biyu ya tafi ke nan. Haƙuri abu ne mai kyau, amma kotu kwanan wata take dubawa.

Saboda haka mai aiki ya riƙe ranar da ya fara, da abin da ake ba shi, da sunayen waɗanda suka sani. In an sallame shi ya nemi takardar shaidar aiki, haƙƙinsa ce. In kuma an sa shi dangwala yatsa a kan takarda cewa an biya shi duka, kada ya yanke ƙauna, wannan rubutu ba ya hana shi neman abin da ya saura.

Alhazai ƴan kasuwa, kada ku ce na zo in tayar muku da yara. Dokar nan garkuwarku ce ku ma. Wanda ke da littafin biya, kowane wata yaro ya sa hannu, babu mai yi masa ƙage. Wanda ya kama yaro da babban laifi yana da ikon sallamarsa, muddin zai iya kawo hujja. Abin da ke kayar da maigida shi ne kora cikin fushi, ba dalili, ba wa'adi, ba kuɗin sallama. Littafin dala arba'in ya fi tarar jika ɗari sauƙi.

Ku kuwa cikakkun ma'aikatan gwamnati, taku hanya dabam ce. Dokar aikin gwamnati ke riƙe da ku, ba dokar ƙwadago ba. Kukanku yana farawa daga shugabannin ma'aikatarku a rubuce, sa'an nan kotun da ke shari'a tsakanin mutum da hukuma, kuma wa'adinta gajere ne ƙwarai. Ku tuntuɓi sandikarku tun ranar da takarda ta iso hannunku.

Saura magana ɗaya ga mahukunta. Daga Ɗan Kassari zuwa Doso tafiya ce ta fiye da kilomita 150. Mai gadin da ke bin albashin wata uku, da me zai biya mota, zuwa da dawowa, sau biyu ko uku? Shari'a kyauta ce a takarda, hanya ce ke da tsada. Muna kira da a riƙa turo sufeto Dogondutsi da Tibiri a ranakun da kowa ya sani, ko da sau ɗaya ne a wata. Kafin nan, ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na ma'aikata su zaɓi mutum ɗaya mai karatu da zai riƙa tattara koke yana rubutawa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya ba mu ikon biyan haƙƙin juna.